Bututun SOCKS5 ya buɗe, amma sabar ofis ta ƙi amsawa

Mai Lissafi, Gusau:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan zaure. Ina neman taimakonku a kan wani al'amari da ya hana ni rawar gaban hantsi tun ranar Litinin. Ni ne nake riƙe da lissafin kaya a reshen wani kamfanin sayar da taki da irin shuka a nan Gusau, babban ofishinmu kuwa yana Kaduna, kuma a can aka ajiye sabar da muke shigar da kowane buhu da ya shigo sito da wanda ya fita. Ba a buɗe ta ga jama'a a intanet ba. Sunanta kaya.ofis.internal, kuma sai wanda yake cikin layin ofishin Kaduna yake iya ganinta. Injiniyan da yake kula da ita ya buɗe mini asusun SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa ta layi mai kulle, ya ce in rubuta ssh -D 1080 -N sannan sunan asusuna da adireshin ofis, in kuma saita burauza ta bi ta 127.0.0.1, wato adireshin ita kwamfutar tawa, a ƙofa ta 1080. Washegari ya tafi Umara, ba na son in dame shi a wurin ibada.

Na rubuta umarnin a kwamfutata mai Windows 10, ta tambaye ni kalmar sirri, na ba ta, sai tagar ta yi tsit, babu abin da yake motsi sai ɗan layin nan mai ƙyaftawa. Na shiga saitin Firefox, na zuba adireshin da lambar a akwatin farko da na gani. Tun daga nan ko Google ba ya buɗewa, balle sabar ofis. Ga damina ta kankama, motocin taki biyu sun sauke kaya, duk a littafin hannu nake rubutawa.

Ɗan Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a ganina wannan wahalar da kai ce kawai. Ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin VPN na kyauta, ka danna maɓalli ɗaya, shi ke nan. Da su muka yi ta shiga Twitter lokacin da aka dakatar da ita a Najeriya daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ba mu taɓa rubuta wani umarni ba.

Malamin Kwamfuta, Talata Mafara:
Ƙanena Ɗan Ƙaura, shawararka ta dace da wata matsalar, ba wannan ba. VPN na kyauta yana ɗaukarka ne ya sauke ka a wata saba a Jamus ko Amurka, daga can ka shiga intanet na kowa da kowa. Malam Mai Lissafi kuwa ba ƙasar waje yake son zuwa ba, cikin ofishinsu na Kaduna yake son shiga, kuma babu wani VPN na kasuwa da yake da mabuɗin wannan ɗaki.

Malam, ka fara kwantar da hankalinka game da shirun tagar. Harafin N da ka rubuta ma'anarsa kada a buɗe maka wurin ba da umarni a sabar can, a riƙe bututun kawai, wato hanyar da ssh ya buɗe tsakanin kwamfutarka da ofis, saboda haka shirun alama ce ta lafiya, kuma idan ka rufe tagar ka kashe bututun. Harafin D kuwa shi ne ya mayar da kwamfutarka ƙaramin furoksi mai saurare a ƙofa ta 1080, wato ɗan aike mai karɓar saƙon burauza ya kai shi ta bututun, kuma yaren da yake ji shi ake kira SOCKS. Kuskurenka yana akwatin da ka cika. Akwatin farko a Firefox na furoksin HTTP ne, wato ka gaya wa burauza ta yi wa ɗan aiken magana da yaren da ba ya ji. Idan manhaja za ta yi magana da furoksin HTTP, da kalmomi take farawa, ta ce GET, ko kuma CONNECT idan shafin mai kulle ne na ƙofa ta 443. Furoksin SOCKS kuwa ba ya jiran kalma, lamba yake jira. Abu na farko da ssh yake dubawa shi ne ko an fara gaisuwa da 4 ko da 5, idan ya ga wani abu dabam sai ya yanke layin ba tare da ya ce uffan ba. Ka goge akwatin HTTP da na HTTPS gaba ɗaya, ka cire alamar da ke cewa a yi amfani da furoksin HTTP ɗin ga shafuka masu kulle, ka sauko ƙasa wurin SOCKS ka zuba 127.0.0.1 da 1080, sannan ka zaɓi v5.

Mai Lissafi, Gusau:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Na yi yadda ka ce, kuma an samu ci gaba: Google ya buɗe, shafin labarai ya buɗe, har na shiga wani shafi mai nuna adireshin da mutum yake fita da shi, na ga ba irin wanda na saba gani ba ne, na ofishin Kaduna ne. Amma abin da aka yi duk wannan dominsa, wato kaya.ofis.internal, har yanzu Firefox cewa take ba ta samu sabar ba. Na duba rubutun sunan harafi-harafi har sau uku.

Malama 'Yar Gummi:
Sallama ga kowa. Malam Mai Lissafi, wannan ita ce matsalar da ta fi kama mutane, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin idan ka gane ta yau ba za ta sake ruɗa ka ba a kowace manhaja.

Kwamfuta ba ta zuwa wurin suna, wurin lamba take zuwa, don haka kafin a buɗe kowane shafi dole wani ya tambayi DNS, wato kundin sunaye da lambobinsu, ya juya sunan ya koma adireshi. Tambayar ita ce, wane ne zai yi wannan tambayar, kuma a ina yake tsaye? A halin da kake ciki yanzu, Firefox ɗinka tana tambayar DNS na kamfanin layin da kake amfani da shi a nan Gusau, idan ta samu lambar sai ta miƙa wa bututu ta ce a kai ta can. Google kowa ya san shi, shi ya sa ya buɗe. Sunan sabarku kuwa DNS na cikin ofishin Kaduna ne kaɗai ya san shi. Kamar ka tsaya a tashar mota ta Gusau ne kana tambayar 'yan kamasho inda ɗakin ajiyar wani gida yake a Unguwar Rimi, alhali da ka ba direba sunan mai gidan, da ya isa can ya tambayi mutanen gidan sun nuna masa.

A nan ne bambancin fitowar SOCKS yake da amfani. SOCKS4 lambar IPv4 kaɗai take karɓa, wato adireshi irin 127.0.0.1, ba ta karɓar suna, sai daga baya aka yi mata ƙari mai suna SOCKS4a don a toshe wannan giɓi. SOCKS5, wadda aka rubuta ƙa'idarta a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 1928 a watan Maris na 1996, ta ba da zaɓi uku a cikin buƙatar kanta: idan an sa lamba 1 adireshin IPv4 ne ke biye, idan 4 ce IPv6 ne, wato sabon salon adireshi mai tsawo, idan kuwa 3 ce to suna ne zalla, furoksin ne zai nemo lambarsa a can ɓangarensa. Wannan na uku kake buƙata. A ƙasan shafin saitin akwai ɗan akwati da ke maganar a bi da DNS ta furoksi idan ana amfani da SOCKS v5. Tsofaffin fitowar Firefox suna zuwa da shi babu alama, kuma ina kyautata zaton ta ofishinku ta daɗe ba a sabunta ta ba. Ka sa masa alama, ka sake loda shafin.

Mai Lissafi, Gusau:
Alhamdu lillahi, Malama, ya buɗe! Shafin shiga na ofis ya fito da tambarin kamfani da komai, har na shigar da kayan mota ɗaya kafin in dawo nan. Allah Ya ƙara ilimi. Sai dai da sauran rina a kaba. Akwai wani ɗan umarni na curl, manhajar sauko da fayil daga saba, da injiniyan ya bar mini, wanda yake sauko da jerin farashin ranar a fayil ɗaya kowace safiya. Na buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, na rubuta shi, na ƙara masa -x socks5://127.0.0.1:1080 kamar yadda na gani a wani wuri, sai ya cika mini allo da jan rubutu yana cewa bai san wannan zaɓi ba.

Ɗan Ƙaura:
Na karɓi gyara a kan maganar VPN, Malam. Yaya, ka fara gwada ping, umarnin nan na taɓa saba a ji ko tana amsawa, a kan sunan sabar mana, idan ta amsa ka san bututun lafiya yake, matsalar ta curl ce.

Malama 'Yar Gummi:
Ping ba zai gaya masa komai ba, ƙanena, domin da wani nau'in saƙo mai suna ICMP yake aiki, SOCKS kuwa nau'in TCP take ɗauka, sai nau'in UDP a fitowa ta biyar, kuma shi bututun ssh ko UDP ɗin ma ba ya ɗauka. Zai ga ping ya faɗi ya ɗauka komai ya lalace, alhali shafin yana buɗe a gabansa.

Malam Mai Lissafi, abubuwa biyu ne suka haɗu maka. Na farko, a PowerShell ɗin da yake zuwa da Windows 10, kalmar curl laƙabi ce da aka liƙa wa wani umarni dabam mai suna Invoke-WebRequest, shi ne ya yi maka jan rubutun. Ainihin curl yana cikin kwamfutar, amma sai ka kira shi da cikakken sunansa, curl.exe. Na biyu, ko ka kira shi daidai, socks5:// zai mayar da kai gidan jiya, domin a wurin curl ma'anarsa shi ne ya nemo lambar da kansa a nan Gusau. Wanda yake miƙa sunan ga furoksi shi ne mai harafin h a ƙarshe. Ka rubuta:

curl.exe -x socks5h://127.0.0.1:1080 -O http://kaya.ofis.internal/farashi.csv

Ka gyara ƙarshen ya dace da sunan fayil ɗinku. Idan ka ƙara -v za ka ga yana ba da labarin kowane mataki, har inda yake cewa a can nesa za a warware sunan. Harafi ɗaya ne tak, amma na taɓa ɓata yini guda cur a kansa a wani ofishi da na yi wa aiki, ina ta zargin katangar tsaro da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Malamin Kwamfuta, Talata Mafara:
Malama ta gama magana a kan wannan. Abu ɗaya zan ƙara tun da an kawo socks5h. A ƙa'idar SOCKS5 gurbi ɗaya aka ware wa tsawon suna, wanda ba ya iya ɗaukar lambar da ta wuce 255. A watan Oktoban 2023 masu kula da curl, ƙarƙashin jagorancin Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin, suka sanar da wata ɓaraka mai lamba CVE-2023-38545 da ta shafi daidai wannan wuri: idan sunan ya wuce wannan iyaka kuma furoksin ya yi jinkirin amsa gaisuwa, sai curl ya kwafi dogon sunan cikin wurin ajiyar da bai kai girmansa ba. Ta shafi fitowa daga 7.69.0 zuwa 8.3.0, an gyara ta a 8.4.0. Malam, ka rubuta curl.exe --version ka gani, idan taka tana cikin wannan tsakani ka bar Windows ta sabunta kanta a daren da data take da sauƙi.

Mai Lissafi, Gusau:
Fayil ɗin ya sauko, kuma tawa ta wuce 8.4.0, don haka wannan ba damuwa. Yanzu ga wata tambaya daga manajanmu, wanda tun ɗazu yake tsaye a bayana yana karanta amsoshinku. Akwai kwamfutoci uku a ofishin ban da tawa, ta mai karɓar kuɗi, ta mai kula da sito, da tasa. Yana so su ma su shiga sabar ta wannan bututu nawa, tun da ni kaɗai aka buɗe wa asusu.

Mai Shagon Intanet, Tudun Wada:
Wannan ai mai sauƙi ne, Malam. A yanzu bututun yana sauraren kwamfutarka ce kaɗai. Ka canza umarnin ya zama -D 0.0.0.0:1080, ka amince idan katangar Windows ta tambaye ka, sannan a sauran kwamfutocin a sa adireshin kwamfutarka na cikin ofis, irin mai farawa da 192.168, a madadin 127.0.0.1. Na yi shekaru ina raba layi haka a shagona, ban ga wata illa ba.

Malamin Kwamfuta, Talata Mafara:
Alhaji, da girmamawa, maganarka za ta yi aiki, amma ban yarda a ba Malam wannan shawara ba. A shagonka abin da kake rabawa intanet ne, wanda dama don a raba shi ka saye shi. A nan kuwa abin da za a raba hanyar shiga cikin gidan kamfani ce. Furoksin da ssh yake buɗewa ba ya tambayar kowa kalmar sirri ko kaɗan. Duk wanda ya hau Wi-Fi na ofishin ya gano ƙofa ta 1080, to ya zama kamar yana zaune a Kaduna, kuma ba sabar kaya kaɗai zai iya taɓawa ba, duk abin da wancan ɓangaren yake iya kaiwa gare shi ne. Malam Mai Lissafi, ka faɗa mana tsakani da Allah, mutum nawa ne suka san kalmar sirrin Wi-Fi ɗinku? Na tabbata direbobi sun sani, 'yan dako sun sani, ɗan manaja da ya zo hutu ya sani.

Mai Shagon Intanet, Tudun Wada:
Malam, kana magana kamar Gusau cike take da masu kutse. Ɗan dakon da ya zo sauke buhu ina ruwansa da ƙofa ta 1080? Idan ma tsoron ne, a sa wani furoksi a gaba mai neman suna da kalmar sirri, ai SOCKS5 tana da wannan. Aiki ya tsaya ana tsakiyar damina, manomi na jiran taki, mu kuma muna lissafin abin da bai faru ba.

Malama 'Yar Gummi:
Alhaji yana da gaskiya a kan cewa SOCKS5 tana da tsarin suna da kalmar sirri, yana cikin RFC 1929, amma akwai abubuwa biyu da suke rage masa amfani a nan. Sunan da kalmar sirrin a fili suke tafiya a kan layi, domin SOCKS ba ta kulle komai da kanta. Kullewar da Malam yake morewa yanzu ta SSH ce, kuma daga kwamfutarsa take farawa, ba daga ta mai karɓar kuɗi ba. Sannan Chrome ba ta san yadda ake ba furoksin SOCKS5 kalmar sirri ba sam, Firefox ma babu gurbin hakan a shafin saitinta sai an ɗora mata ƙari. Ba ɗan dakon nake tsoro ba, Alhaji, wayarsa nake tsoro, domin ba shi da masaniyar irin manhajojin da ke cikinta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba na fasaha ba ne. Asusun da sunan Malam Mai Lissafi aka buɗe shi. Duk haɗin da ya bi ta bututun, a rajistar sabar Kaduna sunansa zai fito. Ranar da aka wayi gari buhu hamsin sun ɓace a lissafi aka koma bin sawu, shi za a fara kira, kuma ba shi da hanyar nuna cewa daga wata kwamfutar aka shiga. Shawarata ita ce a tura wa injiniyan saƙo a rubuce, idan ya samu sarari ya buɗe wa kowa asusunsa, ko ya ba da izinin rabawa da bakinsa. Kafin nan, wanda yake da abin shigarwa ya zo teburin Malam.

Mai Shagon Intanet, Tudun Wada:
Maganar rajista ta shige ni, ban yi tunaninta ba. Har yanzu dai ina ganin idan aka taƙaita katangar Windows ga adireshin kwamfutocin nan uku kaɗai, haɗarin ya ragu ƙwarai, amma izinin mai sabar ya kamata ya zo tukuna, wannan na yarda.

Mai Lissafi, Gusau:
Manaja ya karanta, ya yi shiru, ya ce a bar shi yadda Malama ta ce. Na tura wa injiniya saƙo. Saura ƙorafi biyu ƙanana. Tun da na kunna furoksin komai ya yi nauyi, ko imel sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Kuma duk lokacin da sabis ya ɗan yi rawa, tagar ssh tana nan shiru kamar lafiya, amma babu abin da yake wucewa sai na rufe ta na sake buɗewa.

Malamin Kwamfuta, Talata Mafara:
Nauyin ba abin mamaki ba ne, domin yanzu duk shafin da ka buɗe sai ya je Kaduna ya dawo, kana cin layin babban ofis a banza. Maganinsa fayil ɗin PAC, mai gaya wa burauza shafin da zai bi ta furoksi da wanda zai tafi kai tsaye, dabarar da Netscape ta fito da ita tun 1996 kuma har yau burauzoji suna karanta ta. Ka buɗe Notepad ka rubuta wannan, ka adana shi da suna ofis.pac:

function FindProxyForURL(url, host) {
  if (dnsDomainIs(host, ".ofis.internal")) return "SOCKS5 127.0.0.1:1080";
  return "DIRECT";
}

A saitin Firefox ka bar zaɓin cikawa da hannu, ka koma na adireshin saiti mai sarrafa kansa, ka rubuta file:///C:/ofis.pac idan a nan ka ajiye shi. Ka kula ka rubuta SOCKS5 da biyar ɗinta, domin SOCKS zalla a fayil ɗin PAC ana ɗaukarta a matsayin ta huɗu ce, kuma ka bar alamar DNS ɗin nan yadda take.

Game da daskarewar bututu, ka ƙara -o ServerAliveInterval=30 -o ServerAliveCountMax=3 a umarnin. Duk daƙiƙa 30 da aka yi shiru ssh zai taɓa sabar ya ji ko tana nan, idan sau uku a jere ba ta amsa ba sai ya fita ya dawo maka da wurin rubutu, ka san ya mutu ka sake kunna shi. Ba zai gyara sabis ba, amma zai daina yi maka kwanciyar magirbi.

Ɗan Ƙaura:
Malam, tambaya ɗaya don ƙaruwata. Da mun san wannan dabara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, da ta fitar da mu?

Malamin Kwamfuta, Talata Mafara:
Ko kusa, ƙanena. Furoksi da VPN duka suna canza hanyar da saƙo zai bi ne bayan ya samu titin fita. A wancan lokaci turakun sadarwar ne aka kashe, wayar ba ta da abin da za ta kama tun farko. Ni kaina sai da na shiga mota zuwa Sakkwato don in tura fayil ɗaya.

Mai Lissafi, Gusau:
Na sa fayil ɗin PAC, da farko sabar ta ƙi buɗewa, da na duba sai na ga Notepad ya adana shi a matsayin ofis.pac.txt. Na gyara sunan, na danna sake lodawa, yanzu imel yana buɗewa kai tsaye, sabar ofis kuma tana bi ta bututu. Ɗazu aka ɗauke wuta, na'urar Wi-Fi ta mutu, bayan kamar minti ɗaya da rabi ssh ya fita da kansa kamar yadda Malam ya faɗa. Na gama shigar da kayan mota ta biyu. Injiniya ya amso saƙo daga Madina, ya ce kada a raba bututun, zai buɗe asusu uku idan ya dawo ranar Alhamis.